ZUMA GA ZAƘI GA HARBI: TARKON SOYAYYA DA BARAZANAR TONON ASIRI

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin ikilisiyoyi na ƙungiyarmu. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.)

 

Batun da aka ba ni yana da nauyi a baki, musamman a gaban manya. Shi ne yadda ake amfani da soyayya ko sha'awar jiki a kama mutum, sa'an nan a riƙe shi da barazanar tona masa asiri har ya ba da kuɗi, ko labari, ko mutanensa. Masu aikin leƙen asiri a ƙasashen Turai suna kiran wannan dabara tarkon zuma. Mu kuwa tun kaka da kakanni muna cewa zuma ga zaƙi ga harbi. Ina roƙon iyayena su yi mini gafara in na ambaci abin da ba a saba ambata ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da nake so mu koma gida da shi ke nan: zunubi ne ke jefa mutum cikin wannan rami, amma tsoron kunya ne ke riƙe shi a ciki. Saboda haka ikilisiyar da ba ta da ƙofar da mai laifi zai ƙwanƙwasa ya faɗi gaskiya, tana taya mai barazana aikinsa ba ta sani ba.

TSOHUWAR DABARA CE

Dukanmu mun san labarin Samson da Delila tun muna makarantar Lahadi. Amma bari mu sāke duban Littafin Mahukunta sura 16 da idon mai bincike. Sarakunan Filistiyawa sun kāsa Samson a filin yaƙi. Da suka ji yana ƙaunar wata mace a kwarin Sorek, sai suka je wurinta, kowannensu ya yi mata alkawarin azurfa 1,100. Sarakunan biyar ne, wato azurfa 5,500 ke nan saboda labari guda: ina ƙarfinsa yake. Wannan aikin leƙen asiri ne sarai. Akwai masu biya, akwai wadda aka tura, akwai labarin da ake nema, akwai kuma mutanen da ke ɓoye a ɗaki suna jira.

Sau uku Samson ya ba ta amsar ƙarya, sau uku kuma ya farka ya tarar an gwada abin da ya faɗa a jikinsa. Ba rashin alama ya kashe shi ba. Ya ga alama ya raina ta, domin yana ganin shi ya fi ƙarfin a kama shi. Ƙarshensa aka ƙwaƙule masa idanu, aka kai shi Gaza yana niƙa a kurkuku.

Akwai kuma abin da muke yawan tsallakewa a sura 14. Amaryar Samson ta Timna ta dame shi da kuka har ya faɗa mata ma'anar kacici-kacicinsa. Me ya sa? Domin mutanenta sun ce za su ƙone ta da gidan mahaifinta in ba ta samo musu amsar ba. Wato wadda aka tura ma a cikin tarko take. Mu riƙe wannan, domin kada mu tashi daga nan muna cewa mata ne matsalar. Sau da yawa mace ce ake tsoratarwa a tura, sau da yawa kuma, kamar yadda za mu gani, namiji ne zuman.

YADDA AKE ƊANA TARKON

Zan kai ku Jamus da Rasha na ɗan lokaci, kuma ga dalilina. A zamanin yaƙin cacar baka, hukumomin leƙen asiri na Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas sun mai da wannan dabara sana'a. Bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989 an buɗe takardun 'yan sandan ciki na Jamus ta Gabas, wasu jami'an kuma sun gudu Yamma ko sun rubuta tarihinsu. Don haka abin da a wasu wurare jita-jita ne, a can a rubuce yake. Wanda ya ga yadda aka ƙera tarko a can, zai gane shi in ya gan shi a ƙofar gidansa. Matakai biyar ne.

Na ɗaya, neman tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Markus Wolf, wanda ya shugabanci leƙen asirin ƙetare na Jamus ta Gabas daga 1952 zuwa 1986, ya lura cewa a Bonn, babban birnin Jamus ta Yamma a lokacin, akwai sakatarori mata da yawa marasa aure, masu aiki har dare, waɗanda dukan takardun ministoci ke bi ta hannunsu. Sai ya riƙa tura musu maza masu ladabi da haƙuri da iya saurare. An yi wa mazan nan laƙabi da Romeo. Tsagar da suka bi ba lalata ba ce, kaɗaici ne. Yawancin matan nan aure suke nema tsakani da Allah.

Na biyu, haɗuwar da ta yi kama da katari. A tashar mota, a wurin hutu, a gidan biki. Kafin a haɗu an riga an san abin da mutum yake so, da abin da ke damunsa, har da addininsa. Wolf da kansa ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1997 game da wata mai fassara a ofishin rundunar NATO da ke Fontainebleau a Faransa, a shekarun 1960. Mace ce 'yar Katolika mai ibada. Aka tura mata wani mai shirya wasan kwaikwayo, ya ce mata shi jami'in ƙasar Denmak ne. Ta ƙaunace shi, ta riƙa ba shi takardu. Da lamirinta ya dame ta, ta ce sai ta furta zunubanta a gaban fada. Sai hukumar ta ɗauko wani jami'inta, ta sa masa rigar fada, aka kai matar wata ƙaramar majami'a a Denmak, ya saurare ta, ya kwantar mata da hankali, ta ci gaba da aikin. Ku duba, 'yan'uwa: har rigar ikilisiya suna iya sawa. Ku kuma lura da abin da suka fi tsoro: kada ta faɗa wa bawan Allah na gaskiya.

Na uku, samun shaida: hoto, wasiƙa, murya, ko wanda zai ce ya gani. Maurice Dejean shi ne jakadan Faransa a Mosko daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa 1964. Hukumar KGB ta haɗa shi da wata 'yar wasan fim. Rana ɗaya suna tare sai ga wani ya banko ƙofa ya ce shi ne mijinta, ya lakaɗa wa jakadan dūka, ya ce zai kai ƙara. Mijin nan na ƙarya ne, ma'aikacinsu ne.

Na huɗu, mai ceto. Jakadan nan cikin tsoro ya garzaya wurin wani abokinsa Barashe mai faɗa a ji, ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Abokin ya ce kada ya damu, zai kashe maganar. Ashe abokin babban jami'in KGB ne, kuma shi ne ya shirya abin tun farko. Daga ranar jakadan ya zama mai bashin alheri. Asirin bai tonu ba sai da wani ɗan KGB mai suna Yuri Krotkov ya gudu Ingila a 1963, Shugaba de Gaulle kuma ya kira jakadansa gida a 1964. Wannan mataki shi ya fi haɗari, domin mai barazana ba kullum yake zuwa da fuskar maƙiyi ba. Yakan zo da fuskar wanda ya rufa maka asiri. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, sai ya yi masa aski.

Na biyar, ƙaramar buƙata. Ba a fara da babban abu. Clayton Lonetree sojan Amurka ne mai gadin ofishin jakadancinsu a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Ya so wata ma'aikaciyar ofishin, ita kuma ta gabatar da shi ga wani da ta kira kawunta Sasha. Kawun nan jami'in KGB ne. Daga hira aka kai ga tambayar wane ne wane a ofis, daga nan aka kai ga taswirar ginin. Kowace ƙaramar amsa sai ta zama sabuwar igiya, domin yanzu ba zancen mace kaɗai ake riƙe shi da shi ba, har da cin amanar aiki. A Disamba 1986 ya kai kansa ya faɗi gaskiya, amma an riga an yi nisa. Kotun soja ta yanke masa shekara 30 a 1987, daga baya aka rage, ya fito a 1996.

OFISHI ƊAYA, MUTUM BIYU

Yanzu ga misalin da ya fi nuna abin da nake nufi. Mutum biyu ne, dukansu Turawan Ingila, dukansu a ofishin jakadancin Birtaniya a Mosko, dukansu KGB ta kama su da tarko iri ɗaya.

Na farko John Vassall, ƙaramin akawu a sashen sojan ruwa. A tsakiyar shekarun 1950 aka gayyace shi liyafa, aka shayar da shi, aka ɗauki hotunansa na tsiraici tare da wasu maza. Da aka nuna masa hotunan, bai faɗa wa kowa ba. Ya yi musu aiki wajen shekara bakwai, a Mosko da kuma bayan ya koma London, yana kwasar asirin sojan ruwan ƙasarsa yana ba su, har aka kama shi a 1962 aka yanke masa shekara 18. Abin da ya sayar da ƙasarsa domin ya ɓoye, a ƙarshe jaridun duniya ne suka buga shi.

Na biyu Sir Geoffrey Harrison, shi ne jakada da kansa daga 1965 zuwa 1968. Ya faɗi da wata mai aikin gidan jakada wadda KGB ta sa a wurin. Da ya gane ya shiga tarko, sai ya sanar da shugabanninsa a London da bakinsa. Aka kira shi gida. Ya rasa kujerarsa, ya sha kunya, amma igiyar ta tsinke a ranar da ya yi magana. Asirin da mai shi ya riga ya faɗa ba ya da kasuwa.

Laifinsu na farko kusan ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne abin da kowannensu ya yi a mako na farko. Karin Magana 28:13 ta riga ta koya mana cewa rufe laifi ba ya kai mutum ko'ina, jinƙai yana wurin mai furtawa ya kuma bari. Sarki Dawuda shaida ne. Zunubinsa da Bat-sheba dare ɗaya ne, amma ƙoƙarin rufe shi ne ya kai ga yaudara, da shayar da Uriya, da kisansa tare da waɗansu sojoji. A Zabura 32 Dawuda ya kwatanta kwanakin shirunsa da ciwon da ke cin mutum har ƙashi, ya kuma nuna cewa sauƙi ya zo ne ranar da ya buɗe baki.

AN SHA ƊANA WA BAYIN ALLAH

Wani zai ce, mu ba jakadu ba ne, ba mu da asirin gwamnati. Gaskiya ne. Amma duk inda ikilisiya ta zama muryar mutanen da ake dannewa, akan nemi shugabanninta ta wannan hanya, domin ya fi sauƙi a kama makiyayi da kunya da a kama shi da bindiga. Wanda aka kashe yakan zama shahidi. Wanda aka riƙe da asiri yakan ci gaba da hawa bagadi yana aikin wasu.

A ƙasar Poland a zamanin kwaminisanci, ma'aikatar cikin gida ta kafa sashe na musamman a 1962 domin ikilisiya kawai. Kowane fada yana da fayil tun yana makarantar tauhidi, ana rubuta rauninsa: giya, kuɗi, mata, son tafiya ƙasar waje. Da waɗannan aka tilasta wa wasu su riƙa kai rahoton 'yan'uwansu. Inda ba a sami laifi ba kuma, sai a ƙirƙira. A 1983 jami'an sashen sun haɗa littafin sirri na jabu da sunan wata mata, domin a nuna wai Paparoma John Paul na Biyu ya yi mu'amala da ita lokacin yana Krakow. Shirin ya watse. Wannan ya tuna mana da Yusufu a Farawa 39. Ya gudu, bai yi laifi ba, amma rigarsa da ta rage a hannun matar Fotifar ta zama shaidar ƙarya da ta kai shi kurkuku. Don haka, dattawa, ba kowane hoto ko wasiƙa da aka kawo muku ne gaskiya ba, balle yanzu da ake iya haɗa hoto da murya na jabu da kwamfuta.

A Amurka kuma, a Nuwamba 1964, hukumar FBI ta aika wa Fasto Martin Luther King wasiƙa marar sa hannu tare da faifan abin da aka naɗa a ɓoye a ɗakunan otal da ya sauka. Manufar ita ce a karya shi kafin ya karɓi kyautar Nobel a watan Disamba. Saƙon ya faɗa hannun matarsa. King bai ɓuya ba, ya zauna da ita da abokan aikinsa na kusa a kan maganar, ya ci gaba da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata. Kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ne ya fallasa wannan aiki a tsakiyar shekarun 1970. Mai barazana yana so ka kasance kai kaɗai. Ranar da ka zama ku biyar, lissafinsa ya rushe.

YAU TARKON YANA CIKIN ALJIHU

Abin da a dā sai gwamnati mai kuɗi da ɗakunan otal da kyamarar ɓoye, yau yaro mai waya ɗaya yana iya yi. Ana buɗe shafi a Facebook ko Instagram da hoton kyakkyawar yarinya ko na wani mai kuɗi, a yi sallama, a yi yabo, a koma WhatsApp, a nemi hoto ko kiran bidiyo. Da an samu, murya ta sauya: ka turo kuɗi, ko mu aika wa matarka, da fastonka, da dukan abokanka.

Wannan ya shafe mu a Nijeriya ta fuska biyu, kuma dole mu faɗi gaskiya. A Maris 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa cikin sa'o'i kaɗan bayan an yi masa haka. An nemi dala 1,000, ya biya 300, barazanar ba ta tsaya ba. Wasu 'yan'uwa biyu daga Legas ne suka yi aikin. An miƙa su ga Amurka a 2023, aka yanke wa kowannensu shekara 17 da rabi a Satumba 2024. A Yuli 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Nijeriya masu wannan sana'a. 'Ya'yanmu suna iya zama waɗanda aka kama, suna kuma iya zama masu kamawa. Uwa ko uban da ɗansa ba ya aiki amma yana sauya waya da tufafi, ya tambaya. Ma'ajin da ya ga baiko mai yawa daga hannun da ba shi da sana'a, shi ma ya tambaya.

Ba kuɗi kaɗai ake nema ba. A Afrilu 2024 wani ɗan majalisar dokokin Birtaniya, William Wragg, ya amsa cewa ya ba wani da ya haɗu da shi a intanet lambobin wayar abokan aikinsa, domin mutumin yana riƙe da hotunansa kuma tsoro ya kama shi. Da lambobin aka bi wasu da irin wannan tarko. Mutum ɗaya ya faɗi, ya zama ƙofar shiga wurin saura.

ME AKE NEMA A WURINMU?

Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu muna da abubuwan da suka fi takardun jakada tsada, domin rayuka ne. Sunayen sababbin tuba da gidajen da suke fakewa. Takardun filin majami'a da maganar da ke gaban hukuma ko kotu. Jerin masu gadi da lokacin addu'ar dare. Ranar da ake kai baiko banki, da wanda ke kai shi. Hanyar da mai bishara ke bi zuwa ƙauye. Sakataren ikilisiya, da ma'aji, da direban fasto, da shugabar Zumunta, da mai gadi, kowannensu yana riƙe da mabuɗi. Wanda aka riƙe da asiri ana kuma iya sa shi ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana, ko ya kaɗa ƙuri'a a majalisa yadda aka umarce shi.

Ina gargaɗi a nan. Ban ce mu fara zargin kowane baƙo, ko kowace budurwa da ta shigo sujada, ko maƙwabtanmu da ba addininmu ɗaya ba. Mai ɗana tarko yana iya zama ɗan damfara a wani gari, ko ɗan siyasa, ko wanda ke neman kujera a cikin ikilisiyar kanta. Zato zunubi ne, kuma ikilisiyar da ta cika da zato ta riga ta yi wa maƙiyinta aiki. Abin da za mu tsare shi ne tsari, domin tsari ba ya zargin kowa, yana kuma kāre kowa.

GA WANDA YA RIGA YA FAƊA

Mai yiwuwa a cikin masu jina ko masu karanta wannan akwai wanda wayarsa ta zame masa abin tsoro. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ga shawara.

1. Kada ka biya, kada ka ba da labarin kowa. Biya ba ya rufe bakin mai barazana, yana nuna masa ne cewa rijiyar tana da ruwa.

2. Ka daina amsa masa, amma kada ka goge saƙonnin. Ka ɗauki hotonsu, da lambar waya, da lambar asusun da ya ce a tura kuɗi. Shaida ce. Bayan haka ka kai ƙarar shafin ga kamfanin, ka toshe shi.

3. Ka faɗa wa mutum ɗaya amintacce yau, kada ka bari sai gobe: fasto, dattijo, uwa cikin Zumunta. In kana da aure, ka nemi wanda zai raka ka ka faɗa wa matarka ko mijinki. Zai yi zafi, amma jinsa daga bakinka ya fi jinsa daga wayar baƙo.

4. A kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Karɓar kuɗi da barazana laifi ne a dokar ƙasa, kuma akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015.

5. In ka riga ka ba da suna ko labarin wani, ka faɗa nan da nan domin a kāre shi. Ransa ya fi kunyarka.

6. In tunanin kashe kanka ya zo maka, kada ka kwana kai kaɗai da shi. Kunya takan wuce. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, Ubangiji ya komo da shi ya ba shi kiwon tumaki. Babu hoton da ya fi jinin Yesu ƙarfi.

GA IYAYENMU DATTAWA

Yanzu na zo ga sashen da ya fi nauyi, kuma ina faɗarsa da ladabi. Mai barazana yana cewa, zan faɗa wa ikilisiyarku. Ƙarfin wannan magana ya dogara ne ga abin da mutum yake tsammani za mu yi masa. In ya san cewa da ya buɗe baki za a karanta sunansa ranar Lahadi, maganar ta isa kasuwa kafin Litinin, matarsa ta ji a bakin rijiya, to zai zaɓi ya biya. Mu ne muka sa wa asirinsa tsada.

Ban ce a soke horon ikilisiya ba. Littafi Mai Tsarki ya umarce shi, zina kuma zunubi ce ko da tarko ko babu. Amma Galatiyawa 6:1 ta nuna mana manufar horo, wato a komo da wanda ya faɗi, cikin tawali'u, mai komo da shi kuma yana lura da kansa. A Yohanna sura 8 an kawo wa Yesu mace da aka kama, aka bar namijin, aka mai da kunyarta tarkon kama shi kansa. Bai yarda a yi siyasa da ita ba, bai kuma ce abin da ta yi daidai ne ba. Ina ba da shawara huɗu ga majalisun dattawa.

Ta ɗaya, kowace ikilisiya ta keɓe mutum biyu, namiji da mace, waɗanda aka san su da riƙe baki, a sanar da jama'a cewa duk wanda ake yi wa barazana ya je wurinsu. Abin da aka faɗa musu ba na hirar gida ba ne, ko da mata ko miji.

Ta biyu, a bambanta wanda ya kawo kansa da wanda aka kama. A kuma fara da kāriya kafin horo: a tsai da barazanar, a duba wane labari ya fita, a rufe ƙofar, sa'an nan a zauna kan tuba da gyara. In yaro ne ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba, su aka cuta. Iyaye, ku rungume su kafin ku yi faɗa, kuma ku faɗa musu tun yau cewa duk abin da ya faru a waya suna iya zuwa wurinku.

Ta uku, riƙe sirri ba mafakar mugu ba ne. In shugaba ne ya yi amfani da matsayinsa ya lalata yarinya ko matar wani, ko shi ne ke riƙe wata da hotonta, wannan ba wanda aka ɗana wa tarko ba ne, shi ne mai tarkon. A sauke shi daga aiki, a kāre wadda aka cuta, a kai maganar ga hukuma.

Ta huɗu, a gyara tsari. Fasto ya ba da shawara ƙofa a buɗe, ko da matarsa ko wata uwa kusa. Kuɗi ya fita da sa hannun mutum biyu ko uku. Sunayen sababbin tuba kada su zauna a waya ko a rukunin WhatsApp, kuma kada mutum ya san fiye da abin da aikinsa ke bukata. Mu kuma duba masu kaɗaici a cikinmu: gwauraye, 'yan mata da aure ya yi musu jinkiri, ma'aikacin da aka tura nesa da iyalinsa, ɗalibi a baƙon gari, mai bishara shi kaɗai a ƙauye. Kaɗaici shi ne tsagar da aka fi bi. In zumunci ya cike ta, ƙadangare ba zai sami wuri ba.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani, kuma hanyar Yusufu ita ce mafi kyau: a gudu tun da wuri, ko da za a bar riga. Amma ga wanda bai gudu ba, hanyar Dawuda tana nan, wato ya amsa laifinsa a gaban Allah da kuma a gaban bawan Allah. Aikinmu na dattawa shi ne mu tabbata cewa in ya zo, zai tarar da Natan, wanda zai faɗa masa gaskiya ya kuma faɗa masa gafarar Ubangiji.

Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan batu cikin zamanta na gaba, ta zaɓi mutum biyun nan, ta sanar da jama'a. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ubangiji ya tsare ƙafafunmu daga tarko, ya ba wanda ya faɗi ƙarfin hali ya yi magana, ya ba mu shugabanni zuciyar makiyayi da bakin da ke riƙe amana.  Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.